Ba Duk Wanda Ya Bar Gari Aka Yi Wa Kurciya Ba

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida a Tudun Wadan Zariya, sai wani ya kawo labarin ɗan wani aminina marigayi, wanda ya ajiye aikinsa na banki bayan shekara bakwai yana yi, ya ce zai saɓa jakar goyo ya bi ƙasashe har tsawon shekara guda. Mai ba da labarin bai rufe baki ba aka fara yanke hukunci. Wani ya ce kurciya aka yi wa yaron, wani ya ce a gaggauta kai shi wurin masu ruƙiyya, wani dattijo kuma ya ce kallon bidiyon Turawa a YouTube ne ya juya masa tunani.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikin mutum tara da ke zaune a kan tabarmar nan babu wanda ya tambayi abin da yaron ya tanada, ko wanda ya bari a gida, ko ranar da ya sa zai dawo. An ji kalmar "yawon duniya" kawai, kuma da yake kalma ce da ta daɗe da ɓaci a bakin Bahaushe, sai aka ɗauka an gama magana.

Ra'ayina shi ne, mutumin da ya sauke haƙƙin da ke wuyansa, ya tara guzurinsa da guminsa, ya kuma san hanyar da zai bi ya dawo, yana da damar ajiye aiki ya je ya ga ƙasar Allah, kuma bai cancanci a kira shi mahaukaci ba. Wanda kuma zai bar mata da 'ya'ya ko tsofaffin iyaye a hannun dangi domin ya cika burin ransa, wannan ba ni tare da shi ko kaɗan. A wurina dukan maganar tana komawa ne kan tambaya guda: wa zai biya kuɗin wannan tafiya, matafiyin ko waɗanda ya bari?

"Ba al'adarmu ba ce"

Wannan ita ce hujjar da aka fi yawan kawowa, kuma ita ce mafi rauni. Bahaushe bai taɓa zama mutumin da ke manne wa gari ɗaya ba. Kakanninmu fatake sun riƙa tashi da ayarin jakuna ƙarƙashin madugu su tafi Gwanja sayen goro, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga, kuma zangon da suka yada shi ne ya zama unguwannin da har yau ake kira Zango a Kumasi da Ankara ta Gana da Lome da Kwatano. Wasu suka bi ta Agadas da Gat suka dangana da Tarabulus. Alhazan da suka tafi Makka a ƙafa ta Barno da Chadi da Sudan sun riƙa yin shekaru kafin su isa bakin teku, kuma da yawansu can suka zauna, abin da ya sa har gobe ake jin Hausa a garuruwan Sudan irin su Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Ta fuskar neman ilimi kuwa, mu mutanen Zariya ne ya fi kamata mu fahimta, domin garinmu da baƙi ya cika. Tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, almajirai ke barin garuruwansu su zo zaurukan malaman cikin birni su yi shekaru suna ɗaukar karatu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa sai da ya je har Agadas wurin Malam Jibrilu. Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, ya bi Barth, Bajamushe mai yawon binciken ƙasashe, har Ingila a 1855, ya dawo ya ƙare rayuwarsa a Kano. Mu ne muka ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma Alƙur'ani a wurare da dama ya umarci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba. Saboda haka duk wanda ya ce son ganin duniya baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana, ya manta da tarihin gidansu.

Amma akwai wani bambanci da ya kamata matasanmu su lura da shi. Matafiyan da, kusan dukansu da sana'a suke tafiya. Mai niyyar Makka yakan tsaya a wani gari ya yi ɗinki ko wanzanci ko dukanci, ko ya buɗe makarantar allo, ko ya yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira a Sudan, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Ibn Baɗuɗa, wanda ya bar Tanja a 1325 yana ɗan shekara 21 ya kuma yi kusan shekara 30 yana yawo har ya biyo ta daular Mali, alƙalanci ya yi a Delhi da tsibiran Maldibis. Tafiyarsu tana ciyar da kanta. Salon da muke gani yanzu a intanet, inda mutum zai tara kuɗi ya tafi yana cin su har su ƙare, ya samo asali ne daga ƙasashen da albashin wata guda ke iya riƙe mutum wata uku a wata ƙasa mai araha. Namu lissafin ba haka yake ba.

Fasfo da naira

A nan masu suka suna da gaskiya mai yawa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Matashin Jamus da ke ɗora hotunansa yana tsallaka iyakoki yana riƙe da fasfon da ke shigar da shi ƙasashe fiye da 180 ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba. Koren fasfonmu bai kai ƙasashe 50 ba. Idan ɗan Nijeriya zai nemi bizar ƙasashen Turai na yankin Shengen, zai biya Yuro 90 wanda ba a mayar masa ko an hana shi, zai kawo inshorar lafiya da bayanan asusunsa na banki da tikitin dawowa, kuma babban abin da ake dubawa shi ne shaidar cewa yana da aiki ko wani abin da zai dawo da shi gida. Wanda ya ajiye aiki ya riga ya yar da takardar da ta fi kowace ƙarfi a hannunsa. Ko an ba shi, kwana 90 ne a cikin kowane kwana 180.

Sai kuma kuɗi. Kafin watan Yunin 2023 ana canza Dala a kan kusan naira 460 a farashin hukuma, amma a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya yi shekara biyar yana tara naira domin tafiya ya wayi gari ya ga abin da ya tara ya koma kashi ɗaya cikin uku idan aka auna da kuɗin waje. Ko sefar da ake kashewa a Kwatano da Abijan da Dakar a ɗaure take da Yuro, don haka ita ma ta yi wa naira nisa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, wannan ba ƙaramin cikas ba ne.

Duk da haka, abin da wannan hujja ta tabbatar shi ne cewa kwaikwayon Bature sak ba zai yiwu ba. Ba ta rufe ƙofar tafiya ba. Tun 1979 yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinta damar shiga sauran ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, kuma rashin tsaro ya sa hanyoyin Sahel da dama sun zama masu haɗari, amma hanyar bakin teku daga Legas zuwa Kwatano, Lome, Ankara, Abijan har Dakar tana nan a buɗe. Ruwanda ma tana karɓar 'yan Afirka ba tare da wahalar biza ba. Gaskiya ne a kan iyakoki da yawa akan nemi na goro ko da takardun mutum sun cika, kuma wajibi ne matafiyi ya sa wannan a lissafinsa tare da katin rigakafin shawara.

Kuma muna da wani jari da Baturen ba shi da shi. Shi sai ya nemi masaukin haya a duk garin da ya sauka, ya yi ta fama da harshe. Bahaushe kuwa idan ya sauka a Nima ta Ankara ko a Zangon Kumasi, zai ji ana ciniki da harshensa, zai ga masallaci ya shiga sahu, kuma kafin a idar da sallar magariba an tambaye shi daga wane gari yake da kuma inda zai kwana. Kakanninmu sun shimfiɗa mana hanyar da ta ratsa rabin Afirka ta Yamma, mu kuma muna zaune muna jiran bizar da ba za ta fito ba.

Abin da na gani a zaure

Kwana biyu bayan waccan hira, yaron da kansa ya yi sallama a ƙofar gidana da hantsi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, na zo in yi maka sallama, kuma na ji an ce maganata ta je majalisa."

Na ce masa, "Ta je, ɗana, amma ni daga bakinka nake so in ji."

Sai ya sauke jakar ya zazzage ta a kan tabarma a gabana. Riguna huɗu ne da wanduna uku, da sallaya mai naɗewa, da ƙaramin Alƙur'ani, da gidan sauro, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da fasfo da katin rigakafi a cikin leda, da ƙaramar kwamfuta. Abin da ya fi jan hankalina wani littafi ne mai baƙin bango irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta bashi a ciki. A shafin farko ya rubuta kuɗin cefanen mahaifiyarsa na wata 14, wanda ya riga ya ajiye a wani asusu dabam da zai riƙa tura mata kowane wata. A ƙasa akwai kuɗin makarantar ƙanwarsa na zango uku, an biya. Daga nan sai kuɗin dawowa gida daga ko'ina, wanda ya ja wa layi biyu ya rubuta "ba a taɓawa". Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne guzurinsa, ya raba shi kwana-kwana da sefa da sidi, kuɗin Gana.

Ya ce shekara huɗu ya yi yana wannan tanadi, bai sayi mota ba, bai canza waya ba. Ba shi da aure tukuna. Yana kuma yi wa wasu 'yan kasuwa biyu lissafin shagunansu ta intanet, aikin da zai ci gaba da yi daga duk inda yake.

Na tambaye shi, "Hajiya fa, me ta ce?"

Ya ce, "Baba, wata shida na yi ina lallashinta. Da farko kuka ta yi. Na ce mata idan ba ta yarda ba, ko tashar Kwangila ba zan taka ba. Ranar da ta sa mini albarka, ranar na rubuta takardar ajiye aiki."

Na daɗe ina kallon littafin nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan yaro ya fafe nasa tun da nisa. Wanda aka yi wa kurciya ba ya tsayawa biyan kuɗin makarantar ƙanwarsa.

Haƙƙin da ba ya jira

Inda na rabu da masu yayata wannan salon rayuwa a Facebook da TikTok shi ne inda suke nuna cewa kowa ma zai iya, in dai yana da ƙarfin hali. Wannan magana tana iya rusa gida. Na san wani magidanci a Sabon Gari mai 'ya'ya uku wanda irin waɗannan bidiyoyi suka shiga ransa, har ya fara maganar sayar da filin da ya gada ya mayar da matarsa gidan iyayenta "na ɗan lokaci". Wannan mutum ba da kuɗinsa zai yi tafiya ba. Surukinsa ne zai biya da buhun masararsa, matarsa ta biya da zaman jiran da ba ta san ƙarshensa ba, yaran kuma su biya da karatunsu.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya ce suna raye sai ya mayar da shi ya je ya yi musu hidima. Idan jihadi ya jira saboda iyaye, yawon buɗe ido ya fi cancantar jira. Ya kuma zo a hadisi cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa, kuma tafiya yanki ce ta azaba, idan mutum ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. A ƙasashen da wannan al'ada ta fito, gwamnati ce ke ɗaukar nauyin tsoho da marar lafiya da wanda ya rasa aiki. A nan Zariya albashin ma'aikaci guda shi ne inshorar mutum goma, kuma duk wanda ya taɓa kai mahaifiyarsa asibitin Shika da tsakar dare ya san wanda ake kira a waya idan aka rubuta magani.

Akwai kuma masu cewa almubazzaranci ne, gara ya yi aure ko ya sayi fili. Ban ga dalilin da zai sa a zargi wanda ya kashe kuɗinsa ya ga ƙasashe goma ba, alhali muna halartar bukukuwan da ake ƙona fiye da haka a kwana uku tsakanin lefe da dina da anko, babu mai cewa uffan. Abu ɗaya na yarda da shi a nan: idan abin da mutum ya tara ya kai kuɗin kujerar Makka, wadda ta haura naira miliyan 8 a 2025, kuma bai taɓa sauke farali ba, to ya san tafiyar da ta riga kowace hawa kansa.

"In ya dawo, wa zai ba shi aiki?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta sa ni ma na yi shiru na ɗan lokaci a zaure. Kowace shekara dubban matasa ke fitowa daga Samaru da Kongo da Kwalejin Nuhu Bamalli da takardu a hannu, da yawansu kuma suna tuƙa Keke Napep a kan titin PZ. Kujerar da yaron ya bari, kafin mako ya zagayo an cike ta. Baturen da ya yi shekara yana yawo yakan koma ya samu wani aikin, har ma a ɗauki tafiyar a matsayin ƙwarewa. A wurinmu mai ɗaukar aiki zai dubi shekarar da ta ɓace a takarda ya yi zargin ko korar mutum aka yi. Tarihin Olabisi Ajala ma abin tunawa ne: ya zagaya ƙasashe masu yawa a kan babur tun daga shekarun 1950, ya gana da shugabanni, sunansa ya zama karin magana a ƙasar Yarbawa, amma ya rasu a Legas a 1999 cikin rashi.

Saboda haka ba na ba kowa shawarar sakin reshe ya kama ganye. Ma'aikacin gwamnati ya fara neman hutun da ba albashi kafin ya yi tunanin murabus, malamin jami'a kuma yana da hutun shekara guda na bincike da tsarin aikinsa ya tanada. Wanda ba shi da wata sana'a a hannu ban da kujerar ofis, ya tsaya ya koyi wadda zai iya tafiya da ita ya kuma dawo da ita. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya bar aiki kafin shekara 50 damar cire kashi 25 cikin 100 na asusunsa idan ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, kuma na ji matasa suna lissafa wannan kuɗi a cikin guzuri. Kuskure ne babba, domin wannan abincin tsufa ne, kuma tsufa ba ya karɓar uzuri.

Amma a nan ma ina ganin laifin ya fi yawa a wuyan ma'aikatunmu. Yaron nan ya gaya mini sau biyu yana neman hutun wata shida ba albashi ana hana shi, bayan shekara bakwai yana fita kafin rana ta fito yana dawowa bayan isha'i, har ya fara shan maganin hawan jini yana ɗan shekara 31. Da an ba shi, da bai ajiye aikin ba, kuma da sun samu ma'aikacin da ya dawo da lafiyarsa, ya iya Faransanci, ya ga yadda ake kasuwanci a Lome da Abijan. Mun saba ganin mutum ya yi shekara 35 a kujera ɗaya bai taɓa wuce Kaduna da Kano ba sai don ta'aziyya, ya yi ritaya ƙafafunsa sun riƙe, muna kiran wannan natsuwa. Ni kaina na kusa zama haka, kuma ina jin zafin abin da ban gani ba lokacin da nake da ƙarfin gani.

Dole kuma a bambanta wannan tafiya da ta matasan da ke bi ta Agadas su faɗa hamada zuwa Libiya ba takarda, ba guziri, ba ranar dawowa. Su talauci ne ya kore su, kuma masu safarar mutane ke cin moriyarsu. Idan muka haɗa su a kwando ɗaya da wanda ya fita da fasfo ta ƙofar da doka ta buɗe, za mu rasa bakin yi wa na farkon nasiha, na biyun kuma mu zalunce shi.

Ranar Asabar da ta wuce na raka yaron tashar Kwangila da asuba, ya shiga motar Legas da jakarsa a kan cinya. Jiya na leƙa gidansu in gaida Hajiya, na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, wayarta a gefen faranti. Ta kunna mini saƙon muryar da ya aiko daga Zangon Lome, inda yake ba ta labarin wani tsoho mai sayar da goro da ya ce kakansa daga Ƙofar Gayan ya fito, ya kuma hana shi biyan kuɗin masauki. Ta saurara har ƙarshe, ta sake kunnawa, sannan ta ce mini, "Malam, ka ce wa mutanen majalisa su sa shi a addu'a. Ya ce mini kafin azumin baɗi yana gida."